Ki ya maƙale a shaf ɗin injin niƙa: yadda ake fitar da shi ba tare da an ɓata shaf ba

Tambaya: "Assalamu alaikum. Ina da injin niƙa a Rikkos, nan Jos, moton lantarki ne ke jan sa da bel. Pulin da ke jikin moton ya tsage, na samu na cire shi da ƙyar, amma ɗan ƙarfen nan da ke kwance a ramin shaf, wato ki, ya ƙi fita. Na sa sukundireba na yi ta bugu da guduma har bakinsa ya baje, ko motsi bai yi ba. Sabon pulin kuma ya ƙi wucewa ta kansa. Na auna shaf ɗin, milimita 28 ne. Wani ya ce in gasa shi da wuta, wani ya ce in kira mai walda. Wanne zan bi?"

Wa alaikumus salam, Malam. Ajiye gudumar nan tukuna. Idan na fahimce ka, puli, wato faifan da bel ke hawa, ya riga ya fita, ki ne ya rage a raminsa, bugu ya baje kansa, shi ya sa sabon puli ya rasa hanyar wucewa. A aikin nan abu biyu ne a gabanka, ɗaya mai araha, ɗaya mai tsada. Ki ɗan guntun ƙarfe ne da za ka maye gurbinsa yau ɗin nan. Shaf, wato sandar ƙarfen da moto ke juyawa, da boris ɗin da ke bayansa, wato zoben ƙwallayen ƙarfe da shaf ke juyawa a cikinsa, su ne dukiyar. Saboda haka duk dabarar da zan kawo maka, an gina ta ne a kan a lalata ki idan ya zama dole, a bar shaf da lafiyarsa.

Abin da ya sa bugunka bai yi aiki ba

Shaf mai milimita 28 shi ne wanda ake samu a moton da lambar firam ɗinsa 100 ko 112 ce, za ka ga lambar a farantin da ke manne a jikinsa. Ki ɗin irin wannan shaf faɗinsa milimita 8 ne, kaurinsa 7. Daga cikin 7 ɗin nan, 4 suna nutse a ramin shaf, 3 ne kawai suka leƙo waje. Waɗannan ukun su ne duk abin da kake da shi na kamawa, kuma su ne sukundireba ke ta cinyewa.

Yanzu ka duba ramin da kyau. A yawancin irin waɗannan motocin lantarki, ramin rufaffe ne: ƙarshensa biyu a zagaye suke, bai ɓulle ta bakin shaf ba. Ki ɗin ma kansa biyu a zagaye suke, an dasa shi ne daga sama. Wanda ya bugi irin wannan ki ta tsawonsa, bango yake tura shi, ba inda za shi. Hanyarsa ɗaya ce, sama. Akwai kuma rami buɗaɗɗe, wanda ya fito har bakin shaf. A nan ana iya turo ki waje ta tsawo, daga ɓangaren moto zuwa baki. Wasu buɗaɗɗun ramukan ƙarshensu na ciki gangare ne, to idan aka tura ki ciki sai ya hau gangaren ya ɗaga kai da kansa. Wuta da walda duk suna bayan wannan dubawar, domin ita ce za ta gaya maka ta ina ƙarfi zai bi.

Dalilin maƙalewar kuma ba ya wuce 'yan abubuwa. Na farko tsatsa. Ƙurar gari tana shiga kowace kafa, tana shan laima, a damunar Jos kuwa laima ba ta yankewa daga Afrilu har Oktoba. Idan injin yana markaɗen tumatir da attaruhu, ruwan da ke fantsama ya fi ruwan sama saurin cin ƙarfe. Tsatsa ta fi ƙarfen da ta fito daga gare shi cika wuri, sai ta matse ki ta gefe biyu. Na biyu, puli ya daɗe yana wasa a kan shaf. Alamar wannan ita ce wani jan gari mai laushi a kewayen ki, da ɗan tsani a gefensa daidai inda shaf ya ƙare puli ya fara. Kowane tashi na injin yana naushin ki, har ya karkace ya ciji bangon rami. Na uku, ki ɗin ba nasa ba ne tun farko, an dai buga shi da ƙarfi ya shiga. Wannan ya fi yawa a ƙananan injinan fetur, inda ake samun shaf mai inci uku bisa huɗu da ramin milimita 4.76, a tura masa ki mai milimita 5. Na huɗu, wani ya taɓa zuba masa gam na ƙarfe, ko ya ɗiga masa walda a baki. Idan ɗigon walda ne, sai an goge shi da giranda ko magagari, in ba haka ba ko wata dabara ba za ta ci ba.

Shiri kafin a taɓa ki

Kashe wuta daga babban makunni, ka cire waya. Idan moton mai layi ɗaya ne, kafasitarsa, wato 'yar gwangwanin nan mai tara wuta, tana iya riƙe caji bayan an kashe, kada hannu ya je kan bakinta. Ka sa tabarau, domin ɓarɓashin ƙarfe ido yake nema. In da hali, kwance moton ka ɗora shi a benci.

Sai abin da mutane da yawa ke tsallakewa: tallafa wa shaf. Juya shi ramin ya kalli sama, ka sa guntun katako mai tauri a ƙarƙashinsa, ya zauna daram a kai. Duk bugun da aka yi wa shaf yana rataye, boris ne ke shan sa. Ƙwallayen ciki suna lotsa hanyarsu, yau ba za ka ji komai ba, bayan 'yan makonni moto ya fara gurnani da zafi. Ka toshe gaban moton da tsumma don kada garin ƙarfe ya shiga.

Goge wurin da burushin waya. Ɗauki magagari mai laushi ka cire bajewar da bugu ya yi, musamman inda leɓen ki ya kwanta a kan shaf, domin wannan leɓen yana hana mai shiga. Ka gyara gefunan ki su miƙe tsaye, filaya za ta buƙace su. Sannan ka fesa man sassauta tsatsa irin WD-40, in babu, kananzir da aka haɗa da ɗan man giyar mota yana yi. Baƙin mai shi kaɗai ya yi kauri, ba ya ratsawa. Ka ɗan ƙwanƙwasa ki ta sama da gefe da guntun tagulla ko alminiyam, a hankali, don tsatsar ta tsattsage mai ya sami hanya. Ka ƙara fesawa, ka bar shi ya kwana. Na san injin da ke tsaye asara ce, masu kawo niƙa ba sa jira, amma kwanan nan ɗaya yakan rage rabin wahalar.

Daga mai sauƙi zuwa mai tsanani

Fara da filaya mai yanka waya, babba. Ka ciji ƙarshen ki ta gefensa biyu, can ƙasa dab da shaf, haƙoran su nutse cikin ƙarfen. Sa ɗan fallen ƙarfe ko tsohuwar washa a kan shaf a ƙarƙashin filayar, ka danna hannunta ƙasa. Filayar ta zama abin ɓanɓara, ƙarshen ki zai ɗago. Ko rabin milimita ya motsa, ka ci nasara: fesa mai a ƙarƙashi, mayar da shi da ɗan bugu, sake ɗagawa. Kai da kawowar nan ita ke cinye tsatsar. Filaya mai kullewa ma tana yi, sai dai ta fi zamewa a kan milimita 3. Idan akwai bais, wato ƙarfen da ake matse abu a bakinsa, a benci, wata dabarar ita ce a juya shaf ki ya kalli ƙasa, a matse ki a bakin bais tamau, mutum biyu su riƙe moton su ɗan jijjiga shi suna ɗagawa. Bais ya fi kowace filaya riƙo.

Idan wannan bai ci ba, sai ponci mai tsini, wato guntun ƙarfen da ake dafawa a buga da guduma. Ka yi ɗan rami a goshin ki, wato fuskar ƙarshensa da ta leƙo sama da shaf. Sannan ka kwantar da poncin sosai, bakinsa a cikin ramin yana kallon sama kaɗan, ka riƙa bugu gajere da ƙaramar guduma. Manufar ita ce ƙarfin ya ɗaga kan ki. Abin da ba a yi shi ne cusa kurfi ko sukundireba tsakanin gefen ki da bangon rami. Bangon nan shi ke ɗaukar duk ƙarfin juyawa. Da zarar ya buɗe, sabon ki zai riƙa wasa, matsalar ta dawo ta fi ta da.

Dabarar da na fi amincewa da ita a rufaffen rami ita ce ta noti mai ɗagawa, domin babu bugu mai ƙarfi a cikinta sam. Ka sa alama da ponci a tsakiyar faɗin ki, kamar milimita 10 daga ƙarshensa. Huda da bakin diril mai milimita 3.3, a tsaye cak. Naɗa salatif a jikin bakin diril ɗin daidai milimita 7 daga tsininsa, in bugu da magagari sun rage kaurin ki, ka rage kai ma. Ka tafi a hankali da ɗan mai. Idan bakin ya ɓulle ƙasan ki za ka ji hannunka ya ɗan faɗa, sau da yawa kuma garin da ke fitowa yakan koma ja saboda tsatsar da ke ƙasa. Tsaya nan. Ɗan tabon da tsinin diril zai bari a gindin rami ba ya cutarwa, zurfafawa ce ke raunana shaf. Sai ka yanka tiredi, wato zaren da noti ke bi, da abin yanka shi da ake kira tap, mai lamba M4, kana juyawa gaba kana ɗan komawa baya don garin ya karye. Ka samo noti M4 mai ƙarfi, irin baƙin nan da ake ɗaurewa da alanki, ka shafa masa giris, ka ɗaura. Idan ƙarshensa ya taɓa gindin rami, duk juyin da ka ƙara ki ne zai hau sama. A ki mai faɗin 8 kada ka wuce M4. M5 yana buƙatar huda mai milimita 4.2, bangon da zai rage siriri ne, sai ya buɗe ya ƙara matse ramin. Idan ƙarshe ɗaya ya ɗago ɗayan ya cije, ka yi huda ta biyu a wancan ƙarshen ka riƙa ɗaure su bi da bi. Haɗarin dabarar guda ne: tap ɗin M4 siriri ne, yana karyewa idan aka karkata shi, kuma karyayyen tap ya fi ki wuyar fita domin diril ba ya cin sa. Wanda hannunsa bai saba ba, gara ya kai wa wanda ya saba.

Batun wuta

Wanda ya ce ka gasa shi, ya ɗauko dabarar cire puli ne ya ɗora wa ki. A puli wuta tana da ma'ana: ramin milimita 28 idan ya fi shaf zafi da digiri 100, yana buɗewa da kusan milimita 0.03, wannan kuwa ya isa ya sake shi. Amma ki a cikin shaf yake. Ki ne harshen wuta yake fara samu, shi yake fara kumbura, sai ya ƙara cika ramin. Amfanin da ake samu ba ya zuwa sai bayan ya huce, lokacin da kumburi da komawa suka farfasa tsatsar. Wuri ɗaya da zafi ya zama dole shi ne inda aka zuba gam na ƙarfe mai ƙarfi, wanda ba ya saki sai zafi ya kai wajen digiri 250.

Ga kuma kuɗin da ake biya. Boris ɗin gaba yana nan kusa, kuma ba a so ya wuce digiri 120. Giris ɗinsa zai narke ya zube, robar da ke rufe shi ta ƙone. In har za ka yi, ƙaramin harshe za ka sa a kan ki kaɗai na ɗan lokaci, ka naɗe shaf da jiƙaƙƙen tsumma tsakanin ki da moto. Idan tsumman ya fara tururi sosai, dakata. Kada shaf ya canza launi zuwa shuɗi, kada kuma ka kwara masa ruwa yana da zafi. Ka goge kananzir da man fesawa tas kafin ka kawo wuta, ka kuma fitar da aikin daga ɗakin niƙa, domin ƙurar gari da ke yawo a iska tana kamawa.

Batun walda

Wannan shawarar ta fi ta wuta, in an yi ta daidai. Ana ɗora ƙaramin noti ko guntun rodi a kan ki, a ɗiga walda, da sandar walda siririya irin mai milimita 2.5. Riba biyu ake samu. An sami abin kamawa, sannan zafin ya shiga ki farat ɗaya, yana hucewa ya tsuke ya saki bango. A bar shi ya huce da kansa har hannu ya iya taɓawa, a fesa mai, sannan a ja sama da filaya ko a ɓanɓara ta ƙarƙashin notin.

Sharuɗɗa biyu ne, kuma ka tsaya a kansu ko mai walda ya ce ba komai. Wayar at, wato ta ƙasa, a maƙala ta a kan shaf ɗin kansa dab da ki, ko a jikin rodin da ake liƙawa. Idan aka maƙala ta a gangar moto ko a benci, wutar za ta ratsa ta cikin boris kafin ta iso, ta yi wa ƙwallayen ƙananan ƙuna, boris ya mutu ke nan. Na biyu, a rufe shaf ta gefen ki biyu da fallen gwangwani ko jan ƙarfe, domin ɗigo ɗaya da ya haɗa ki da shaf ya mayar da aikin minti goma na yini guda.

Idan duk sun gaza, sai a fasa ki. A jera huda uku ko huɗu a tsakiyarsa da bakin diril mai milimita 5, ko a tsaga shi ta tsawo da siririn faifan giranda mai kaurin milimita 1, ba tare da an kai gindi ba. Daga nan a matse gefunan biyu da filaya mai kullewa, su rufta ciki. Faifan giranda ba ya yafiya, in ya kauce ya shiga shaf, don haka na fi son huda.

Idan ki ɗin wani iri ne

Duk bayanin nan na miƙaƙƙen ki ne. Akwai mai siffar rabin wata, wanda ake samu a shaf mai tsukakken baki, kamar wurin filawil, wato faifan nan mai nauyi, na ƙananan injinan fetur da ke jan famfon ban ruwa a lambunan Bukuru. Shi raminsa kwano ne. Ana dafa ponci a ƙarshe ɗaya a buga ƙasa, ɗaya ƙarshen ya tashi, a kama da filaya. A wasu injinan da gangan aka yi shi da ƙarfe mai laushi don ya katse idan injin ya ci karo, saboda haka irinsa ake mayarwa. Akwai kuma mai kai, wanda ake gani a tsofaffin injinan niƙa masu manyan puli. Jikinsa a tsuke yake, milimita 1 a kowace 100, kuma shi ke riƙe pulin. Shi ne kaɗai ake cirewa kafin puli, ta hanyar cusa ƙarfe mai tsini tsakanin kansa da cibiyar puli. Wanda ya ɗora pula, wato abin zare puli, ya ja puli alhali irin wannan ki yana ciki, ƙara ɗaure shi yake yi, ƙarshenta cibiyar ta fashe.

Bayan ya fita

Kankare gindin ramin da kusurwoyinsa. Bi leɓunan ramin da magagari mai laushi, ka nemi tabon da notin puli ya bari a kan shaf ka goge shi, domin sau da yawa wannan ɗan tudun ne ke hana sabon puli shiga. Ka zagaya shaf da samfefa mai laushi har ya yi haske, iyakar tsatsa za ka cire.

Sabon ki ya zama na ainihi, 8 da 7, daga ƙarfen ki da ake sayarwa a sanda. Masu kayan injina a Dilimi suna da shi, ka tafi da tsohon da kuma pulin. Ƙusa ko rodin gini da aka daddaɓe ba ki ba ne. Ka yanka daidai tsawon ramin, ka zagaye ƙarshensa da magagari. Ya shiga da ɗan ƙwanƙwasa, ba da faɗawa ba, ba kuma da dukan ƙarfi ba. Gefuna ne ke aiki, sama kuwa dole a sami 'yar tazara: ramin ki da ke cikin puli zurfinsa milimita 3.3 ne, ki ya leƙo da 3. Idan saman ki yana gugar puli, pulin zai zauna a karkace ya riƙa rawa, kuma irin wannan matsin yana cikin abubuwan da ke tsaga pulin ƙarfen zubi.

Ka auna ramin sabon pulin ma, wanda shaf ke shiga. Akwai masu inci ɗaya da ɗaya bisa takwas, wato milimita 28.6 saura kaɗan, a ido kamar 28 ne amma zai yi wasa. Gwada shi a kan shaf ba tare da ki ba tukuna. Wajen sawa, shafa giris kaɗan. Yawancin irin wannan shaf suna da rami mai tiredi M10 a goshinsu. Dogon noti da babbar washa za su ja pulin ya shiga ba tare da guduma ba. Daidaita shi da pulin injin da miƙaƙƙen ƙarfe ko zare, ɗaure notinsa a kan ki, ka sake duba ɗaurin bayan aikin yini ɗaya.

Inda aikin gida ya ƙare shi ne idan sabon ki yana girgiza a ramin, ko bangon ya buɗe kamar bakin kwarya. Cika shi da gwangwani ko gam ba ya daɗewa a injin niƙa, saboda yawan tashi da nauyi. Sai a ciro shaf a kai wa masu injin sassaƙar ƙarfe, su yanka sabon rami a ɗaya gefen, ko su faɗaɗa wannan su yi masa ki mai tsani. Idan kuwa ka goge ka ga siririn layi ya tashi daga kusurwar ramin yana zagaya shaf, tsagewa ce, walda ba ta maganinta, shaf ɗin sai canji. Tunda kuma an riga an yi bugu da yawa, ka juya shaf da hannu kafin ka mayar da bel. In ka ji ƙaras-ƙaras ko wurin da yake ɗan cijewa, canza boris ɗin gaba yanzu da moton yake kan benci.